Hilux Mai Injin 3L da Ta Riƙa Shanye Ruwa: Nazarin Lamari

Asalin motar da aikinta

Motar Toyota Hilux ce ƙirar 1997, a-kori-kura mai ƙofa biyu, da injin dizal 3L. Mai ita ya saye ta hannu a Fabrairun 2018, mitarta na nuna kilomita 286,000. Aikinsa jigilar kayan gini da na gona ne: siminti, rodi, buhunan taki, lodin da kan kai tan guda, wani lokaci ma ya ɗan haura. Hanyar da ya fi bi tana da hawa mai tsawon kusan kilomita 6, wanda mota mai kaya ba ta cin sa sai da giya ta biyu ko ta uku.

Injin 3L lita 2.8 ne, silinda 4, ba turbo, ba kwamfuta. Bulok (gangar jikin injin) da tof silinda (murfin da ke rufe samansa) duka na ƙarfen zubi ne, injekta kuwa, wato famfon da ke tura mai zuwa nozul, irin mai juyawa ce da ake kira VE, ƙirar Bosch wadda Denso ke ƙerawa. Ƙarfinsa kusan doki 90 ne kacal, ba mai gudu ba ne, juriya ce ta yi masa suna. Akwai abu ɗaya a ƙirarsa da ya shafi wannan lamari: nozul ba ya fesa mai kai tsaye a kan fistin. Cikin tof ɗin, a kan kowace silinda, akwai ɗan ƙaramin ɗaki inda mai ke fara kamawa kafin wutar ta fito ta tura fistin. Saboda haka zafi mai yawa yana zama a jikin tof, kuma ruwan lagireto ne kaɗai ke kwashe shi.

Mai motar yana da ɗan littafi a aljihun dashbod inda yake rubuta duk abin da aka yi mata, kuma daga nan aka samo kwanaki da lambobin da ke cikin wannan nazari. Yana juye baƙin mai duk kilomita 5,000. Yana sauya matatar gas da ta iska a kan kari. Ya sa sabon bel ɗin taimin a kilomita 300,000, tunda ƙa'idar wannan inji sauyi ne duk 100,000. A cikin shafukan shekara uku babu layi ɗaya da ya ambaci lagireto, fanka ko wata-famfo. Idan ruwa ya ragu, na famfo yake ƙarawa.

Maris 2021, kilomita 341,000: alamar farko

Ruwa ya fara raguwa, kusan rabin lita a mako, kuma babu ɗigo a ƙarƙashin motar idan ta kwana. A kan hawan nan, allurar zafi da ba ta taɓa gusawa daga tsakiya ba ta fara ɗagawa. Da zarar an gangaro sai ta koma mazauninta. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa, ko da gudu, ba ta motsi.

Bakaniken da ya saba yi masa aiki ya kwance gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama, ya zare shi, ya miƙa masa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ne ke riƙe maka ruwa. Yanzu zai riƙa zagayawa yadda yake so."

Daga ranar allura ta koma zama ƙasa da tsakiya a hanyar da ba hawa, inji ya riƙa daɗewa kafin ya ɗumama da safe, mai motar ya ɗauka an gama. A hawan dai tana ɗagawa kamar da, sai dai ta ɗan jinkirta. Ruwa bai daina raguwa ba.

Mayu 2021, kilomita 344,000: fashewar tiyo

Da rana tsaka, da buhun siminti 20 a baya, allura ta haura har ta kusa taɓa ja. Yana shirin tsayawa sai ya ga ta sauko da kanta, ta koma kusan tsakiya. Ya ci gaba. Bayan kamar kilomita 2 injin ya fara rasa ƙarfi, wani wari na ƙarfe mai zafi ya cika gaban motar. Da ya ɗaga bonet, tiyon ƙasa ya tsage tsawon yatsa, lagireto babu ko ɗigo.

Ya naɗe tiyon da roba, ya jira 'yan mintoci, ya ɗura ruwan sanyi daga jarka yana jin injin na ƙara tas-tas daga ciki. Motar ta tashi, ta kai shi gida.

Washegari aka sa sabon tiyo, aka sa sabon murfin lagireto wanda babu wata lamba a jikinsa, aka wanke lagireton ta waje da ruwa mai ƙarfi. Cikin mako guda raguwar ruwa ta koma lita ɗaya duk kwana biyu. Sai aka zuba garin nan da ake sayarwa don toshe yoyon lagireto, leda biyu. Ya rage shan ruwan na kusan mako uku.

Yuli zuwa Agusta 2021: farin hayaƙi, nozul, gaskit

A watan Yuli motar ta fara tashi da ƙyar da safe, tana kakkarwa, salansa na fitar da farin hayaƙi na kusan minti ɗaya kafin ta daidaita. An zargi nozul. Aka kai su wurin mai injekta, ya gwada, biyu suna buɗewa ƙasa da ƙa'ida. Ya gyara su suka dawo tsakanin 145 da 155 a ma'aunin kilo kan kowace murabba'in santimita, wanda shi ne abin da ake nema ga nozul ɗin da ya yi aiki. Motar ta ƙara ja, baƙin hayaƙin da take yi a hawa ya ragu. Farin na safe yana nan.

Daga nan alamu suka fito fili. Idan aka buɗe murfi aka tayar da inji, kumfa na ta ɓullowa a wuyan lagireto ba yankewa. Idan aka rufe, tiyon sama kan sandare cikin minti guda tun ruwan bai yi ɗumi ba. Wannan na nufin iskar ƙonewa na shiga hanyar ruwa.

A Agusta, a kilomita 348,000, aka sauke tof. Aka wanke shi da fetur, aka duba da ido, aka kai aka share fuskarsa, aka sa sabon gaskit. An ɗaure kusoshin da doguwar sifana, gwargwadon ƙarfin hannu. An yar da tsohon gaskit ɗin. Duk aikin kwana biyu ya ci, domin mai motar na da kayan da ke jiransa. Aka ce masa ya lallaɓa ta na wani lokaci, ya kuwa lallaɓa: littafinsa ya nuna bai hau hawan nan da cikakken lodi ba sai a watan Oktoba. Kafin nan ruwa bai ragu ba sai kaɗan. A mako na biyu na Oktoba kumfa ta dawo.

Nuwamba 2021, kilomita 352,000: inji ya ƙi juyawa

Motar ta yi kwana uku a ajiye. Da ya murza makulli, kik ya yi ƙwas sau ɗaya ya tsaya. Aka ce batir ne, aka aro wani, bai sauya zane ba. Wani ya ce a ja ta da igiya a saki kuloci. Abin da ya hana shi ne motar na fuskantar bango a wuri matsattse, ba hanyar da za a ja ta.

Ruwa ne ya tsiyaya cikin silinda ya cika ta. Wannan inji yana matse iska sau 22 da ɗoriya, ɗan filin da ke saura a saman fistin idan ya kai ƙarshe bai taka kara ya karya ba, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Kik ba shi da ƙarfin da zai yi ɓarna sosai idan fistin ɗin na kusa da sama, amma nauyin mota da ake ja yana iya lanƙwasa kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, nan take.

Motar ta zauna sama da wata guda. Shawara biyu aka yi ta ba shi: ya sayi wani injin na hannu a ɗora, ko ya sayar da ita yadda take.

Janairu 2022: awo kafin kwancewa

Bakanike na biyu, wanda dizal kaɗai yake yi, bai taɓa sifana ba sai da ya karanta littafin nan tun daga shafin farko. Tambaya ɗaya ya maimaita: a ina allura take tashi, a gudu ko a hawa? Da aka ce a hawa kawai, sai ya ce a ba shi kwana uku kafin ya faɗi ko injin zai gyaru.

Ya fara da sandar awon mai. Mai ya haura alamar sama, ya koma ruwan toka, wato ruwan da ke cikin silinda ya sulale ta gefen ringi ya sauka kasko. Ya zare hita huɗun da ke ɗumama silinda kafin a tayar da inji. Uku sun fito baƙaƙe a bushe, ta silinda ta 3 ta fito jike da jan tsatsa. Ya juye man, ya sa sabo, ya ɗiga mai a cikin ta 3, ya juya injin da hannu zagaye biyu. Ya juya ba tare da cijewa ba.

Sai awon matsi. Littafin gyara na wannan inji yana neman 32 a ma'aunin kilo kan kowace murabba'in santimita, mafi ƙaranci 20, kuma kada bambanci tsakanin silinda ya wuce 5. Abin da aka samu: ta 1 ta ba da 29, ta 2 ta ba da 28, ta 3 ta ba da 24, ta 4 ta ba da 29. Ga injin da ya yi kilomita 352,000 ba a taɓa buɗe ƙasansa ba, wannan sakamako ne mai kyau, ta 3 ce kawai ke bakin iyaka.

Ya cika lagireto, ya ɗaura famfon gwaji a wuyansa, ya hura har matsi ya kai 1 a ma'aunin ba (bar), ya bar shi ya kwana. Da safe matsin ya zube, babu ɗigo a waje, ruwa kuma ya sake taruwa a ta 3. Ya gwada murfin nan marar lamba: yana sakin matsi tun a ba 0.3, alhali na wannan mota 0.9 ne. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ruwa zalla a ƙarƙashin 0.9 ba ya tafasa sai kusan digiri 118, a 0.3 kuwa yana tafasa tun a 107. Ruwan da ya tafasa a cikin tof yakan zama tururi a daidai wuraren da suka fi zafi, tururi kuma ba ya kwashe zafi kamar ruwa.

Bayan ya fitar da ruwan da ke silindar, ya tayar da injin na kwatan awa don ya ga lagireto da fanka suna aiki. Ya bi fuskar lagireton da bindigar awon zafi. Gefe da gefe suna nuna sama da digiri 80, tsakiya kuwa, daidai inda fanka ke jan iska, bai kai 50 ba. Ruwa ba ya bi ta nan ke nan. Ya kashe injin, ya sa yatsa ɗaya ya tunkuɗa fankar, ta yi ta juyawa ita kaɗai. Fankar wannan inji ba a ɗaure take kai tsaye ba. Tana kan wani kuloci mai man silikon a ciki, wanda ke kamawa idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi. Mai lafiya, idan inji na da zafi, da ka tura ta za ka ji tana riƙewa, kuma a hawa direba yakan ji rurinta. A fuskar wannan akwai baƙin dabbare na mai da ƙura, alamar man ya daɗe da tsiyayewa. Da aka tambayi mai motar yaushe rabon da ya ji fankar ta yi ruri, ya ce bai san tana yi ba.

Bakaniken ya kuma yi masa bayanin allura. Gejin irin waɗannan motoci an yi shi ne ya zauna a tsakiya cikin faɗin zafi mai yawa, don kada direba ya riƙa firgita, sai abin ya yi nisa yake motsi. Sannan ƙwayar da ke aika masa saƙo zafin ruwa take ji. Idan ruwan ya zube ta koma cikin iska, sai allura ta sauko alhali ƙarfen na ƙuna. Abin da ya faru a watan Mayu ke nan.

Abin da aka gani da aka buɗe

Saman fistin na 3 ya fito fes, sauran ukun na da baƙin gawayi. Tururi ne ya wanke shi. Gaskit ɗin Agusta bai ƙone ko'ina ba. A jikin bangon silinda ta 3 akwai zoben tsatsa marar zurfi, daidai inda ruwa ya kwanta.

A ido tof ɗin lafiya lau yake. Aka wanke shi, aka fesa masa jan rini na gano tsaga, aka goge, aka bi da farin. Cikin 'yan mintoci wani siririn jan layi ya fito tsakanin bawul biyu na silinda ta 3, ya nufi bakin ƙaramin ɗakin ƙonewa. Wani guntu ya fito a ta 2. Da aka toshe hanyoyin ruwansa aka hura masa iska a cikin ruwan zafi, kumfa ta fito daga layin na 3. A ruwan sanyi da ƙyar take fita.

Aka auna yadda kowane fistin ke leƙowa sama da fuskar bulok. Duk huɗun sun zo kusan ɗaya, wato kwanrod bai lanƙwashe ba. Wannan awon ne kuma ke nuna kaurin gaskit ɗin da ya dace, domin na wannan inji kala uku ne, masu alamar B, D da F, tazarar kashi ɗaya cikin goma na milimita tsakanin kowanne. A watan Agusta ba a yi wannan awon ba.

Mai gyaran lagireto ya cire tankin sama. Kusan rabin bututun a toshe suke da tsatsa da farin ɓawon ruwa, garin toshe yoyo kuma ya daskare a bakunansu. Fikafikan wata-famfo sun cinye, sun zama sirara.

Fabrairu 2022: gyaran

An sa sabon tof, aka daidaita tazarar bawul da sanyi: 0.20 zuwa 0.30 na milimita a na shiga, 0.40 zuwa 0.50 a na fita. An goge tsatsar silinda ta 3 ba tare da an fitar da fistin ba, bisa zaɓin mai motar, bayan an gaya masa cewa silindar za ta ci gaba da zama raunanniya. An zaɓi gaskit bisa awo. Kusoshi 18 an ɗaure su bi da bi daga tsakiya zuwa waje da sifanar awo, zuwa 78 a ma'aunin niyuton-mita, sannan kwata na zagaye, sannan wani kwatan.

Sabon lagireto, sabon kulocin fanka, sabon wata-famfo, tamostat mai buɗewa a digiri 82, murfi mai 0.9, duk tiyo sababbi. An wanke hanyoyin ruwa na bulok har sai da ruwan ya fito garau, aka zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa, rabi da rabi da tataccen ruwa. Tunda gaba a buɗe yake, aka sa sabon bel ɗin taimin. An sake juye mai bayan kilomita 500.

Ƙari ɗaya aka yi wanda babu shi a motar tun asali: ƙaramin geji mai nuna lamba, da ƙwayarsa ɗaure a jikin ƙarfen tof, mai yin ƙara idan zafi ya kai digiri 100. Shi ko ruwa ya zube zai faɗi gaskiya.

Maris 2022 zuwa Disamba 2023: sakamako

Gwajin farko a kan hawan nan aka yi shi, da buhu 20, da rana. Geji ya tashi daga 85 zuwa 92, fanka ta kama da ruri, ya tsaya a 94 har aka kai ƙarshe. Allurar dashbod ba ta motsa ba ko kaɗan a duk tsawon hawan. Awon matsi bayan gyara: 30, 29, 26, 30.

Zuwa Disamba 2023 mita ta kai 389,000. Ba a ƙara ruwa ba sai kofi guda ko biyu a shekara. Geji ya yi ƙara sau ɗaya, bayan tafiya a hanyar laka da ta liƙe fuskar lagireto. Mai motar ya tsaya, ya bar injin na aiki a hankali har lamba ta sauka, aka wanke lakar, shi ke nan. Injin yana cin kusan rabin lita na baƙin mai tsakanin juyi da juyi, abin da ba ya yi kafin 2021, kuma silinda ta 3 ta sauka zuwa 25.

Hukunci

Cutar ta fara ne daga fanka da lagireto, kuma tun a watan Maris ta faɗi sunanta. Motar da ke zafi a hawa kawai, ba ta yi a gudu, iska ce ta yi mata kaɗan: a gudu iskar hanya na wadatar da ko rabin lagireto, a giya ta biyu kuwa inji na aikinsa mafi nauyi a lokacin da fanka ce kaɗai ke jan iska. Ruwan da ke ɓacewa a lokacin tafasa yake yi ya fita ta bututun ambaliya a kan hanya, shi ya sa ba a ganin ɗigo a gida. Cire tamostat bai ƙara wa lagireto bututu ko ɗaya ba, allurar kawai ya kwantar a inda da ma ba matsala. Tsagar tof, bisa dukkan alamu, a watan Mayu ta faru, tsakanin kilomita biyun da aka yi ba ruwa da ruwan sanyin da aka ɗura a kan ƙarfe mai ƙuna. Daga nan an bar jaki ana dukan taiki: gari, nozul, gaskit. Aikin Agusta ya yi kamar ya ci ne don an daina ɗora wa motar kaya, tsaga irin wannan kuwa ta fi buɗewa idan ƙarfe ya yi zafi sosai.

Ba daidai ba ne a ɗora wa bakanike na farko laifin duka. Kowane mataki da ya ɗauka shi ne mafi sauri, kuma sauri ake nema a wurinsa. Amma sauke tof a mayar ba tare da gwajin tsaga ba, a injin da aka san ya tafasa har ya bushe, wannan nasa ne. Na mai motar kuwa shi ne shekara uku na ruwan famfo, da ɗaukar cewa kula da inji yana nufin kula da mai.

Shawarar sayen wani injin ita ce ta fi kowacce haɗari, ko da yake ta fi kama da mafita. Da an ɗora shi, bayan toshasshen lagireton nan zai zauna, da matacciyar fankar nan, da murfin 0.3, kuma hawan na nan yana jiransa.

Game da amincin injin, sunan da 3L ya yi bai ƙaryata ba. Ya tafasa, ya bushe, ya sha ruwa a silinda, ya kwana da shi sama da wata, amma kiranshaf, metal da kwanrod ba a taɓa su ba har kilomita 389,000. Inda ba ya yafiya shi ne tof, kuma 'yan uwansa masu turbo, 2L-T da 1KZ-TE, sun fi shi saurin tsagewa idan zafi ya wuce kima. Barin silinda ta 3 ba tare da sabon ringi ba zaɓi ne da za a iya karewa, tunda 25 na sama da mafi ƙaranci da tazara, amma bambancinta da sauran ya sake kaiwa 5. An tsayar da cewa za a sake auna ta duk kilomita 20,000, idan ta sauka ƙasa da 23 a buɗe ƙasan injin ba tare da jiran sauyin bel na kilomita 452,000 ba.